Siririyar Wayar Shagon Ɗinki

Mai Waya ake ce masa, har 'ya'yansa sukan manta yana da wani suna. Shekara talatin ya yi yana hawa tsani da filaya a aljihun baya. Bai yi karatu mai nisa ba, amma idan ya zauna yi maka bayanin lantarki sai ka gane. Yakan ce wuta kamar ruwa take a cikin bututu: akwai ƙarfin da ke turo ta, akwai yawan da ke gudana, akwai kuma matsin hanya. Siririyar waya turjiya take yi, idan aka tilasta mata ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta sai ta yi zafi.

Da ƙanwarsa ta buɗe shagon ɗinki, shi aka kira. Ya ce a kawo waya mai kauri. Mijinta ya kawo siririya, wai ita ya samu, kuma ai keke biyu ne da fanka ɗaya. Mai Waya ya murza ta a yatsa. A ranar, ƙanwar tana ta murna, tana share shago tana tsokanarsa cewa furfura ta kusa hana shi hawa tsani. Kunya ta hana shi ɓata mata rai. Ya ja wayar ta cikin silin, ya sa fis mai yanke wuta idan kaya ya yi yawa, ya ce kada a ƙara wa wayar kaya.

Shago ya karɓu. Keke biyu suka zama biyar, aka sayo dutsen guga biyu. Fis ya riƙa tsinkewa, mijin ya gaji, ya ɗaura guntun waya mai kauri a gurbinsa.

Wata Talata da rana silin ya kama. Ƙanwar ta fitar da masu yi mata aiki, sannan ta koma ɗauko yadukan mutane. Ta fito da rai, amma hannunta na dama ya ƙone har yatsun suka manne. Ba ta sake riƙe almakashi ba.

A asibiti kowa cewa yake ƙaddara ce. Mai Waya ya tsaya a gefen gadon ya ce, "Ni na ja wayar nan."

"Yaya, bar maganar," in ji ta, ta juya fuska bango.

Ya so a ce ta zage shi.

Tun daga nan ya zama mai wuyar sha'ani. Idan aka kawo kayan da ba su yi masa ba, sai ya naɗe jakarsa ya tafi. Mutane suka koma wajen masu sauƙin kai. Yanzu yana zaune a bakin titi da ɗan tebur, yana gyaran soket da tocila. Ƙanwar takan biyo ta wajen idan za ta kasuwa, hannun a cikin mayafi. Su gaisa, ta tambayi yara, ya tambayi jiki, ta wuce.