Safiyar da Malam Bukar Ya Faɗa Rafi

Duk sanda sanyi ya shigo na ga kuna ɗora ruwa a wuta kafin ku wanke hannu, sai wata safiya ta faɗo mini a rai, wadda har gobe ba zan manta da ita ba. Shekara ta biyu ke nan da samun mulkin kai, ina diresa a wani ƙaramin ɗakin shan magani kusa da Malikanchi, a ƙasar Ikara. Diresa, ga ku da ba ku tarar da mu ba, shi ne mai wanke miki da ɗauri da dafa allura. Mu biyu ne kacal, ni da shugabana Malam Bukar, malamin asibiti. Babarbare ne, siriri, mai yawan tari in sanyi ya kama, saura masa wata uku ya ajiye aiki ya koma Borno.

A tsarin wancan lokaci hukuma ke ba da magani da ma'aikata, amma ɗakin da majinyatan nesa za su kwana, jama'ar gari ke gina abinsu. Namu an tayar da bangonsa da gayya an yi masa jinka, gara ta cinye, iska ta kwashe saura. Da daminar da ta wuce wata mata ta kawo mijinta tun daga wajen ƙauyen Taba, ƙafarsa ta ruɓe, yana bukatar allurar kwana bakwai. Ruwa ya dake su kwana biyu a gindin tsamiya, ran na uku suka tafi. Daga baya muka ji ya rasu a gida. Malam Bukar bai yi doguwar magana ba, cewa kawai ya yi, "Sule, ba na barin garin nan sai na ga kwano a kan ɗakin can."

Bayan an gama kaka dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa. Malam Bukar ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Kowa sai "Allah ya hore," ba wanda ya motsa. Can sai Ardo Buba, shugaban Fulanin da ke bakin fadama, ya gyara zama. Kun dai san tsakanin Bafillace da Babarbare, abokan wasa ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma abin da aka faɗa cikin wasan ba a riƙe mutum da shi.

"Kai bawana," in ji Ardo, "kai da ko alwala sai an ɗumama maka ruwa, kake damun mutane? Ka faɗa gurbin rafi da sassafe cikin sanyin nan, bajimina naka ne!"

Aka fashe da dariya. Malam Bukar kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya dubi liman ya ce, "Allah gafarta Malam, a shafa mana fatiha a kai." Liman na dariya ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, har Ardo. Sai da aka shafa jikin Ardo ya yi sanyi, don maganar da aka yi wa fatiha ta tashi daga wasa. Ganin haka sauran suka biyo baya, wannan ya ce damin dawa, wancan mazarƙwaila, kafinta ya ce aikinsa kyauta. Amma kowa da sharaɗinsa, sai in Malam Bukar ya shiga. Wallahi duk sun sakankance ba zai shiga ba.

Ana jibi za a yi, Ardo ya same ni bayan ɗaki ina dafa allura. Ya rage murya ya ce, "Malam ƙarami, gaya wa mutumin nan bajimi nasa ne, kada ya shiga. Na ji irin tarin da yake yi."

Na ce, "Baffa, ai gara ka gaya masa da bakinka."

"Ni in lallashi Babarbare? A ji a ruga?"

Na kai saƙo, har na ƙara da nawa roƙon, don ni ma tsoro nake ji. Malam Bukar ya ce, "Sa ɗaya ba ya rufe ɗaki, Sule. In ban shiga ba, sauran duk sun sami hanyar zamewa." Sai ya shiga ba ni umarni kamar za mu karɓi majinyaci: a hura wuta a bakin rafi, bargo biyu, kunu mai zafi a tukunya.

Ranar, ana idar da sallar asuba gari ya tashi kaf zuwa rafi. Sanyi har cikin ƙashi, ruwan yana ta hayaƙi. Malam Bukar ya tuɓe rigarsa ya ninke ta a hankali, ya miƙa mini tabarau, ya yi bisimilla, tsundum! Ya taso sau ɗaya, aka yi sowa. Sai na ga bakinsa a buɗe, numfashi ya ƙi fita, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, ya sake komawa ƙasa.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Ni da nake ji da ƙuruciya, tsayawa na yi ƙiƙam rungume da bargo. Ardo ne, tsoho mai furfura, ya faɗa da rigarsa da rawaninsa, ya cafo shi ta hammata ya jawo shi gaɓa. Muka lulluɓe su a bakin wuta, haƙoransu na ta kaɗawa. Sai da Malam Bukar ya kurɓi kunu sau uku sannan ya ɗago kai ya ce, "Jama'a ku shaida, bawa ya biyo ubangidansa." Aka yi dariya, Ardo na yi yana share ido da gefen bargo.

Kwana tara Malam Bukar ya yi a kwance da ciwon ƙirji, ni ke yi masa allura. Amma ba wanda ya saɓa alkawari. Aka kai bajimi kasuwar Makarfi, aka sayo kwano daga Zariya, mota ta sauke shi a Ikara, mutane suka ɗauko a ka. Saura mako guda Malam Bukar ya tafi aka buga ƙusar ƙarshe. Ya tafi tun kafin ruwa ya sauka.

Abin da na koya, wanda ba a koya mana a makarantar asibiti ba, shi ne mutanenmu sukan ɓoye abin da ke ransu cikin wasa, ma'aikacin da bai iya sauraron wasan ba kuwa, ko ya iya allura bai gama sanin aiki ba.

Ranar da aka yi ruwan farko da la'asar, sai ga Ardo jiƙe sharkaf, lafiyarsa lau. Ya shige ɗakin majinyata ya zauna kan tabarma yana kallon sama har ruwa ya tsaya. Sannan ya ce, "Ɗauko takarda. Rubuta wa bawan nan nawa, ka ce ba ya yoyo."

Bayan wata guda amsa ta zo, layi ɗaya tak: "Gaya wa bawana ya kula mini da ɗakina."

Ardo ya yi ta zagi da na karanta masa. Amma daga shekarar, duk gabanin damina sai ya zo da sandarsa ya zagaya ɗakin nan yana duba ƙusoshi, bai taɓa fashi ba har Allah ya karɓi ransa.