Kujerar Surukina

Motar nan tawa 'yar Kwatano ce, ta girmi aurena, amma shekara biyar ba ta taɓa ba ni kunya ba sai a gaban mutum ɗaya: surukina.

Duk Alhamis nake kai shi kasuwar Maigatari daga Gumel, ya je ya ga tumaki, ya yi musu da dillalan Damagaram. Dattijo ne mai jiki, Allah ya ƙara lafiya, kuma kujerarsa ɗaya, ta baya ɓangaren dama. Wata Alhamis ya shiga ya zauna, na murɗa makulli, mota ta yi ta tari ta ƙi tashi. Ya sauka ya hau acaɓa. Bai kai bakin titi ba na sake murɗawa, sai ga ta vuuu! Kuma ya ji, don ya waiwayo.

Haka ta yi mini sau huɗu. Kai, na ga ta kaina!

Makanikai kuwa kowa da karatunsa. Na farko ya ce batir ne, na canza. Na biyu ya ce fulogi, na canza. Na uku bai ko buɗe bonet ba, ya ce baki ne ya kama ta, in yi mata hayaƙi. Na yi, ba zan ɓoye ba. Abin haushin, a gabansu duka tashi take kamar sabuwa, su dube ni kamar mai neman hira.

Sati na biyar maiɗakina ta dawo daga gidansu fuska a ɗaure. Ta ce, "Baba ya ce kada ka ƙara wahalar da kanka. Ya gane."

"Ya gane me?"

"Malam, kai ma ka sani."

Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Mutumin da ya ba ni 'yarsa bai tsawwala mini ba, yau yana ganin dabara nake don in rabu da shi.

Sai aka kwatanta mini wani tsohon mai wayarin a Sule Tankarkar. Shi bai taɓa motar ba, tambaya ya yi: yaushe take ƙi, wa ke ciki, ina yake zama? Da na faɗa, ya ce in kawo mutumin ya zauna a gwada. Na ce, "Haba Alhaji! Surukina zan ɗauko in ce zo a gwada mota da kai?"

Ya yi dariya, ya aika maƙwabcinsa mai hatsi ya kawo buhun gero. Aka ɗora a kujerar, ta tashi. Ya ce, "Surukin naka ya fi haka nauyi?" Na sunkuyar da kai. Aka ƙara na biyu, mota ta yi shiru. Ya ɗaga kujerar, sai ga wayar famfon mai a ƙasa, ta cinye saura ƙiris, nauyi na danne ta sai ta saki. Ya ɗaure ta, ko shayinsa bai huce ba.

Alhamis na yi sammako ƙofar gidan surukina, na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yi haƙuri ya shiga. Ya shiga. Na murɗa, ta tashi.

Mun yi nisa kafin ya yi gyaran murya.

"Malam, an ce buhu biyu aka sa a madadina."

Ashe labari ya riga ni zuwa.

"Gero ne ko dawa?"

"Gero ne, Baba."

"To madalla, ba ka wulaƙanta ni ba." Sannan ya ce, "Ni kuwa na ce wa 'yata ka gaji da ni. Ka yafe mini."

Na rage gudu, don titin ya daina fitowa sosai a idona.