Itacen Ozella Caudill

Rabona da yi wa Rondal Caudill magana tun bara, kuma ba ni da niyyar yi. Uwarsa Ozella maƙwabciyata ce shekara talatin da ɗaya a wannan kwari namu na gabashin Kentucky. Ko shinge babu tsakanin gidajenmu, sai itacen redbud ɗinta.

Ozella ba ta da yawan magana. Ta yi girki a makarantar firamare har gwiwoyinta suka gaza, ta binne mijin da ƙurar kwal ta cinye wa huhu, ta reni ɗanta tilo ita kaɗai. Irin itacen kuwa a aljihun riga ta ɗauko shi daga gidan iyayenta, kafin masu haƙar kwal su sare kan tsaunin da ke bayan gidan su binne wurin ƙurmus. Abin da ya rage mata na gida ke nan. Duk Afrilu, tun ganye bai fito ba, fure ruwan hoda zai rufe rassan har jikin kututture. Sai ta tsinka a kwano, ta dafa da sukari da lemon tsami, ta cika kwalabe ta raba wa 'yan coci su shafa a burodi.

Da ta faɗi ta karye a ƙugu, Rondal ya zo daga birnin Lexington ya ce sai ta koma wurinsa. Ba ta yi musu ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar itacen zuwa kaka, kwasfarsa ta bushe, ta ɗebi iri ta shuka a can. Gogan naka ya ce wa zai zauna jiran shekara biyar kafin a ga fure? Shi yana da dabarar da ta fi wannan.

Wata Asabar cikin zafin Yuni, tana kwance a asibiti, sai ga motar haƙa a ƙofar gida. Na fito da ludayi a hannu.

"Rondal, kanka ɗaya kuwa? Tsohon redbud ba ya ƙaura. Ka tsinka masa saiwa, ya tafi ke nan."

"Haba Inna Verlie, waɗannan fa ƙwararru ne. Mama za ta buɗe taga ta ga abinta."

Ƙwararrun banza da wofi. Ina tsaye na ji saiwar ta karye, suka naɗe gindin a buhu suka ɗora a mota, kwasfar duk ɗanya shar. Ko sati uku bai yi a Lexington ba ya bushe, babu ƙwayar iri ɗaya da ta nuna. Maimakon ya ba ta haƙuri, sai ya sayo wani a kasuwa, mai jan ganye, ya kafa a ramin, wai ma ya fi nata kyau. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na je Lexington duba ta a Oktoba, na tarar ta juya kujerarta ta ba taga baya. Da Rondal ya fita, ta riƙo hannuna.

"Verlie, ki duba mini gindin barandar tsohon gidana. Ba a rasa ɗan tsiro ko ɗaya da ya faɗo ya fito da kansa."

Na ce zan duba. Na kasa gaya mata cewa Rondal ya sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya malale tsakar gidan da siminti tun Agusta, yana ajiye motocinsa. Duk Lahadi takan kira ni ta tambaya, ni kuma in ce mata ina kan dubawa.