Ni Na Buga Sanarwar, Ni Na Buga Amsar

Shekara tara na yi bayan kwamfuta a wani shagon buga takardu a kasuwar Suk al-Arabi. Aikina rubuta wa mutane koke, da takardar haya, da wadda muke kira sira, wato tarihin mai neman aiki.

Wata safiya ɗan maƙwabciyarmu ta unguwar Hajj Yusuf ya shigo. Na san shi tun yana yawo ba takalmi. Ya je karatu waje, ya dawo da ɗan gemu da jakar goyo, ya ce ya kafa kamfani: mutum ya latsa waya, a kawo masa tukunyar gas har ƙofar gida. Ma'aikatan kamfanin biyu ne, shi da abokinsa, kuma duk daraktoci ne. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a Omdurman, saman shagon gyaran firji.

"Yaya, sanarwa za ki buga min," in ji shi. "Rubuta: muna neman mai son ƙalubale, mai jure matsi, mai tunanin da ba irin na kowa ba, wanda zai riƙe kamfani kamar gidan ubansa."

Na ce, "Ba mai ɗaukar tukunya ya hau bene kake nema ba?"

"Ɗaukar tukunya kowa ya iya, Yaya. Ni hali nake nema."

Na buga, ya liƙa a tashoshin mota. Kwana biyu bayan nan sanarwar ta fara dawowa shagonmu a hannun masu neman sira. Na farko saurayi ne da ya karanta noma, ya tambaye ni, "Ustaza, me ake nufi da son ƙalubale?" Na ce ni ma ban sani ba, amma zan rubuta yana sonsa. Na jera masa duk halayen da aka nema, na ajiye takardar a kwamfuta. Daga nan duk wanda ya zo, suna da lambar waya kawai nake canzawa. Har da wani dattijo mai hawan jini, shi ma ya fita yana jure matsi. Duka na rubuta musu cewa tunaninsu ba irin na kowa ba ne, da kalmomi iri ɗaya.

Ranar da kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo neman tasa sirar, an ɗauke wuta tun safe. Direban raksha ne, wato babur mai ƙafa uku, yana jigilar ƙarafa tsakanin garejojin unguwar Alshajara. Na ɗauki biro na fara da abin da na haddace, sai ya dafe takardar.

"Kar ki rubuta ina son ƙalubale, 'yata. Ba na so. Don in huta da shi na baro gonar auduga a yankin Jazira."

Sai na rubuta abin da ya faɗa kawai: yana da raksha, ya san lungunan Omdurman, ba ya faɗa da mata a kan canji, ba ya aiki ranar Juma'a.

Bayan mako biyu mai kamfani ya dawo da tarin takardu, fuska a yamutse. Ya ce, "Yaya, ashe duk garin nan mutum ɗaya ne." Na shiga gyara zaman mayafina. Ya roƙe ni in zo in zauna da su ranar ganawa, tunda a cewarsa na san mutane.

Na san su kuwa. Kowa ya shigo sai ya gan ni ya washe baki, "Ustaza, ashe kina nan." Mai kamfani ya ɗauka farin jini ne. Ya tambayi saurayin noman nan, "Ba mu misalin ƙalubalen da ka so." Saurayin ya juyo ya zuba min ido, ni kuma na zuba wa fanka. Can ya ce, "Tsallaka gadar Omdurman da safen nan." Abokin mai kamfani ya rubuta wani abu a littafinsa. Wani kuma da aka tambaye shi yadda zai riƙe kamfani kamar gidan ubansa, ya ce shi da ubansa sun kai shekara ba sa magana.

Kawu ne ya shigo bayan la'asar, ya zauna bai jira izini ba. Aka ce masa, "Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?"

"In da rai, a Hajj Yusuf."

"Me ya sa kake son aiki da mu, Baba?"

"Tukunyar gas ta fi ƙarfen gareji sauƙin ɗauka."

Da ya fita, daraktocin biyu suka kalli juna. Mai kamfani ya ɗaga takardar biron ya ce, "Kin gani, Yaya? Har rubutunsa dabam ne." Rubutuna ne, wanda ya sha gani a jerin cefanen da nake rubuta wa mahaifiyarsa. Aka ɗauki Kawu, aka ba shi muƙamin shugaban sashen isar da kaya. Shi kaɗai ne a sashen.

Labari ya bazu a tasha cewa kamfanin gas takardar hannu yake so. Da suka sake neman ma'aikata, ba wanda ya yarda in taɓa kwamfuta. Kowa biro yake so, kowa ya ce in rubuta ba ya son komai. Mai shagonmu ya yini yana kallon injinsa a kashe, yana tambayata me na yi wa mutane.

Kawu ya yi shekara biyu a kamfanin. Manhajar da aka saka masa a waya bai taɓa buɗewa ba. Matan unguwanni lambarsa suke kira kai tsaye, da yamma ya hau bene ya faɗa wa daraktoci gidajen da ya je, su kuma su shigar a kwamfuta.