Ƙyallen da Ma'aji Ya Wanke a Otal

A shekarun da na yi ina fatauci a Guangzhou ta ƙasar Sin na raka baƙi kasuwa ba adadi, amma akwai zuwan wasu mutum biyu da har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

A lokacin ina da ɗan ofis kusa da kasuwar Canaan, ina saya wa mutanenmu kaya, ina yi musu tafinta. Sai aka yi mini waya daga gida cewa ƙaramar hukumarmu za ta ɗinka wa 'yan firamare yunifom kyauta, an turo kansila mai kula da ilimi tare da ma'ajin ƙaramar hukuma su sayi yadi. Kansilan sa'ana ne, mai fara'a da son hira. Ma'ajin kuwa dattijo ne siriri marar yawan magana, ya kusa yin ritaya. Gaskiya ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Na kai su wajen wani lawban da na saba da shi, wato mai shago a bakin 'yan Sin. Ya shimfiɗa mana yadi iri biyu, duk shuɗi. A ido ba ka iya bambanta su, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Da muka fito kansila ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, mu ɗauki mai arahar, a rubuta kuɗin mai tsadar a rasit. Rabonka na ciki." Ba zan ɓoye ba, na amince. Na ce wa kaina ai kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba.

Washegari da hantsi muka koma shagon. Lawban ya riga ya rubuta rasit, saura ma'aji ya sa hannu a tura kuɗi. Sai dattijon ya buɗe leda ya fito da ƙyallaye biyu da sauran danshi a jikinsu. Ashe jiya ya roƙi guntun kowane yadi, ya wanke su da sabulu a ɗakinsa na otal. Ɗaya yana nan yadda yake. Ɗayan ya koɗe, ya takure, gefensa har ya fara zarewa.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanne za a loda mana?"

Kansila ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, yara ne fa, ko wanne ka ba su yagawa za su yi."

"To a rubuta kuɗin wanda za su yaga ɗin," in ji ma'aji.

Kansila ya kira ciyaman a waya ya miƙa masa. Daga inda nake ina jin faɗan da ake yi masa. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, umarni naka ne, amma sa hannun nawa ne. Ba zan sa ba." Ya mayar wa kansila wayarsa.

Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kai ɗan garinmu ne, ka san kasuwar Laraba. Duk mai daddawa da mai kuka da ke zaune a rana, sai ta yanki tikiti kafin ta sayar da komai. Wannan kuɗin teburina yake zuwa, ya haɗu da kason da ake turo mana. Daga ciki nake biyan masu shara da ma'aikatan asibiti. Aikina ke nan: in san inda kowace naira ta fito da inda ta tafi. Ba ni da wani aikin."

Mahaifiyata ta yi shekaru tana sayar da ƙuli-ƙuli a wannan kasuwa. Da tikitin nata nake shirin cika aljihuna.

Lawban ya tambaye ni me ake ciki. Ni kaɗai nake jin harshensa, zan iya gaya masa duk abin da na ga dama. Na ce masa ya yaga rasit ɗin, mai kyan za mu ɗauka, a kan ainihin kuɗinsa. Kansila bai ƙara yi mini magana ba har suka hau jirgi, kuma ban sake samun aikin ƙaramar hukuma ba. Shi ma dattijon, da suka koma aka ɗauke shi daga kujerarsa aka tura shi wani ofis da ba a aikin komai. A can ya yi ritaya. Yadi dai ya isa gida, yara suka sa.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne babu kuɗin da ba shi da mai shi. Wanda muke kira na gwamnati, na mutanen da ba za su taɓa ganin rasit ɗin ba ne. Ba su da mai tsaya musu sai wanda aka ba riƙon, in ya ji tsoron Allah fiye da tsoron rasa kujerarsa.