Kwali Uku a Kwallar Inna

Ni na sayo wa Inna kwali na uku, kuma da taƙama na sayo shi.

Hawan jini ke damunta, tansiyon kamar yadda muke cewa a Garwa. A asibiti aka ba ta wani farin kwali marar ado, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Yayanmu da ke Dugoi a Marwa ya ji labari, ya aiko da shuɗin kwali ta hannun direba. Ni kuwa ba na son a fi ni. Na ɗauki farin na tafi babbar farmasi, na ce a ba ni wanda ya fi wannan. Aka miƙo mini ja, mai suna da manyan haruffa, mai tsada. Na danƙa mata na ce, "Inna, wannan ne na gaske." Ban ce ta bar sauran ba.

Inna ba ta ajiye abin da ɗanta ya kawo. Ko tuwo uku aka aiko mata rana ɗaya, sai ta taɓa kowanne. Na san halinta sarai, amma ban kawo shi a raina ba.

Wata azahar ana tsananin zafi, ta miƙe daga kan darduma ta zube. Na taɓa ta, jikinta sanyi ƙalau. Na kira ta, ba ta amsa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti wata nas ta gwada jininta sau biyu, ta ɗago a fusace.

"Madam, jininta ya faɗi ƙasa sosai. Me take sha?"

Na buɗe kwallar da Inna ke adana magani, wadda na suro muna fita. Nas ta jera kwalayen a kan tebur, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin babban sunan kowanne.

"Karanta nan."

Amlodipine. Na biyu, amlodipine. Na ukun, nawa, shi ma haka.

"Magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Ninki uku take sha kullum. Ba wanda ya yi karatun lakwal a gidanku?"

Ni malamar makaranta ce.

Aka sa mata ƙarin ruwa. Na zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina jin haushin yayana, da mai farmasi, da kowa, don kada in kai ga kaina.

Sai la'asar sakaliya ta buɗe ido. Na yi mata bayani a hankali, cewa daga yau ɗaya kawai za ta sha. Ta daɗe tana duban kwalayen.

"To, 'yar nan, na wa zan bari? Kada yayanki ya ji babu daɗi."

"Nawa za ki bari, Inna," na ce. "Sauran biyun kuma, sai ɗaya ya ƙare ki buɗe ɗayan." Na ɗauke jan kwalin na sa a jakata.