Gwajin da Na Ƙi Gyarawa

Mu biyu ne a shagon nan na Dutsen Kura, muna haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai. A cikin ɗan allon da ke kula da zafi muka dasa wani ƙaramin yaren kwamfuta, da ɗan injinsa mai bin umarni ɗaya bayan ɗaya, don mai kaji ya iya sauya tsarin zafi ba sai an kwance akwatin ba. Ni nake rubuta manhajar injin. Abokin aikina, mutumin Kuta, shi yake rubuta gwaje-gwajen da za su kama ni in na yi kuskure. Kuma yana jin daɗin kama ni, Allah ya sani.

Kowane gwaji ya sa masa saƙon da zai fito in na faɗi. Wasu bayani suke rubutawa, shi kuwa tsiya, da gurguwar Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji. Akwai guda mai duba abin da zai faru in umarni ya yi ta kiran kansa har ma'ajiyar injin ta cika. Kullum sai na faɗi shi, allo ya nuna: "Malam, tukunya naka ya cika ya zube. Kawo tsumma."

Ya rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na je Kuta, aka yi addu'a a cocinsu, na dawo na buɗe shago.

Gyaran bai wuce layi uku ba, na kuma san su. Na ƙi yi, don in na gyara, saƙonsa ba zai sake fitowa ba. Kowace safiya sai in kunna gwaje-gwajen, in jira wannan ya faɗi, in ce, "Na ji, sarkin surutu." Duk Minna ba ni da wanda zan yi wa zancen aikin nan ya gane. Maƙwabtana ma sun ɗauka gyaran rediyo nake yi.

Sai wata mai kiwon kaji ta zo daga Shango. Na'urarta ta tsaya cik da tsakar rana, ƙwai suka huce, rabi ba su ƙyanƙyashe ba. Ta ce, "Malam, jiya na sake zuba wasu. In waɗannan ma suka lalace, na haƙura da kiwon." Na duba, ashe matsalar nan ce da na ƙi gyarawa. Kunya ta rufe ni, don ni na jawo mata.

Kafin azahar na rubuta layukan. Na kunna gwaje-gwajen, duk suka wuce, allo bai ce komai ba. Na sake kunnawa har sau uku. Sannan na tari Keke Napep zuwa Shango, na sa mata gyaran.

Ƙwanta sun ƙyanƙyashe. Tun ranar ba wanda ya ƙara yi mini tsiya a shagon.